Baba Tanko, Ba Zan Ja Layin Asabar Ba

Ranar Talata, 19 ga Maris, 1996, da hantsi, sanƙarau ya ɗauke Baba Tanko, mai kula da filin ƙungiyar ƙwallonmu, Guguwar Rigasa. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Na faɗa da bakina, amma yau kwana biyu na kasa zama wuri ɗaya.

Baba, shekara goma sha huɗu kana jan layin filin nan da farar ƙasa, da igiya da tsohon gwangwani mai huji. Kafin kowane wasa sai ka bi filin a duƙe kana tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe. Kai ka ga ina leƙen jarida a hannun mutane, ka riƙa ajiye mini shafin wasanni, alhali kai ba ka karanta boko. Sai ka ce, "Jibrin, karanto mana, amma ban da ƙarin gishiri."

Da annoba ta shigo aka dakatar da wasanni. Mako uku kacal, manyan ƙungiya suka ce a dawo, wai 'yan wasa suna cin albashi a zaune. Ka ce musu, "Yara ashirin su kwana a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, cikin wannan zafi? Ba da hannuna ba." Ka kife gwangwaninka. Ka san in babu layi, alƙalin wasa ba zai busa usur ba.

Ni ne na zage ka. Ni, a gaban jama'a, na ce tsufa ya koya maka tsoro. Na fizge gwangwanin na ja layin da kaina, a karkace. Ka dube shi ka ce, "Ɗana, ko laifin ma ba ka iya yin sa a miƙe ba." Aka yi dariya, har da ni.

Mun ci biyu da nema. Bayan kwana huɗu wuyan Ayuba mai tsaron ragarmu ya sandare. Ina masu motocin nan da ke cika rumfar manya? Ko ƙurarsu ba mu gani ba. Kai ka goya shi har bakin titi, kai ka zauna kana share masa goshi a asibiti har mahaifiyarsa Laraba ta iso daga Kafanchan. Ayuba ya tashi, kai ka kwanta.

Jiya kuma sai ga aike daga manyan ƙungiya: wai akwai wasa ranar Asabar, za a yi maka shiru na minti ɗaya, ni kuma in ja layi "tunda na iya". Minti ɗaya! Mutumin da suka ƙi saurara da ransa, yanzu za su yi masa shiru? Sauran yara goma sha tara fa suna nan a ɗakin, tagar ba ta zama biyu ba.

To ku ji. Gwangwanin da igiyar na kai su hannun Inna Balki, matar Baba. Mai ƙarfin hali a cikinku ya je ya karɓo daga mace mai takaba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata makwancinka, ya sa ciwon nan ya zame maka shahada. Inna Balki, da ke Larai 'yar Baba da ƙannenki, Allah ya ba ku haƙuri. Baba bai tsaya na roƙe shi gafara ba, don haka ku nake roƙo: ku yafe mini.

Jibrin Audu, Rigasa