Ranar da Muka Kai wa Kawu Altine Ganga Filin Ƙwallo

Ranar Lahadin da aka rufe kakar wasan ƙwararru ta ƙasa, a shekarar da nake aji biyar na firamare, hantsi ya same ni a saman buhunan albasa, cikin babbar motar da ta taso daga Jega za ta birni. Ina sanye da rigar sallata, rana tana dukan ƙeyata, warin albasa ya shige har cikin hulata, amma ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiyar ba. Kusa da ni kakana Ummaru ne, mahaifin mahaifiyata, cikin babbar riga, ya ƙanƙame igiyar da aka ɗaure kaya. Samarin garinmu, Jiga Birni, sun cika motar, ga kuma Nomau makaɗi ya rungume gangarsa kamar jariri. Za mu je mu ga Kawu Altine, ƙanin mahaifiyata, yana buga wa ƙungiyarsa wasa. Ba mu aika masa cewa muna tafe ba, don muna son abin ya zo masa da mamaki.

Kafin a san Kawu da ƙwallo, da noma aka san shi. In an yi gayya, shi ne kan fara kai ƙarshen gona, ya juyo yana tsokanar na baya. Da yamma kuma, in an gama ban ruwa a fadama, sai ya shiga filin makaranta ba takalmi, ya yi ta wasa da manyan maza kamar yara. Daga Aliero har Maiyama ba garin da bai ci su ba, mutanen Liba ma cewa suke yi ƙafarsa ta hagu ba ta mutane ba ce. Da wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi, garin gaba ɗaya ya ɗauka shi aka ɗauka. Ni kuwa kaina ya kumbura. In za mu buga ƙwallon tsummanmu a bayan aji, ni ke raba yara, ni ke hura usur da baki, wanda ya yi mini musu in kore shi. Wa zai ja da ɗan 'yar'uwar Altine?

Kakar wasan ta fara muna dashen albasa, ta ƙare muna ɗura ta a buhu, kuma duk tsawon lokacin nan a rediyo muka bi ta. Duk ranar wasa Kaka kan rataye rediyonsa a reshen mangwaron bakin gona, mu yi ta cire ciyawa a fangalin albasa kunnuwanmu na sama. Mai sharhi zai jero 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, mu riƙe numfashi, ya gama bai ambaci Altine ba. Kaka ya ce ai mutanen birni ba su iya faɗin sunayenmu ba ne. A makaranta akwai wani Bala mai baki kamar reza, duk Litinin yana jirana a bakin ƙofa da tambayarsa: "To, jiya ma ɓoye shi anka yi?" Ni kuma in ce ana ajiye shi ne don babban wasan ƙarshe. Na faɗa har na yarda da kaina. Saboda haka da aka shirya tafiyar nan, sai da na yi kuka aka sa Bala a motar, don ya gani da idonsa.

Mun shiga filin an kusa farawa. Ban taɓa ganin mutane haka ba, kuma duk inda muka ratsa sai a toshe hanci ana dariya, ana cewa ga 'yan albasa sun iso. Ban damu ba, idona yana kan masu fitowa. Na bi fuskokinsu har na ƙarshe, babu Kawu. Bala ne ya zungure ni ya nuna mini can ƙarshen benci, bayan masu jiran canji. Ga shi nan zaune, ba rigar wasa a jikinsa, wata tsohuwar riga ce ta atisaye, kuma kwandon gorunan ruwa na tsakanin ƙafafunsa. Duk sanda aka tsayar da wasa sai ya ruga ya miƙa wa 'yan wasa ruwa, ya dawo ya zauna. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A wurinmu kowane gwarzon noma yana da takensa, wato kiɗan da makaɗi ya ware masa shi kaɗai. In aka buga wa mutum takensa ba ya zama, dole ya miƙe ya amsa ko da abinci yake ci, wanda ya ƙi kuwa ya zubar da girman gidansu. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci Kaka ya gaji da jira. Ya juya wurin Nomau ya ce, "Sun mance da yaron nan. Tashe mani shi." Nomau ya gyara ganga ya saki taken, ya ɗaga murya: "Altine bajimin Jiga, gona ta gan ka ta kwanta!" Samarinmu suka ɗauka da ihu.

Na ga bayan Kawu ya sandare. Bai juyo ba. Ya sunkuyar da kai, ya dafe gwiwoyinsa, Nomau kuwa ya ƙara wa gangar wuta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, tsuma ta kama shi kamar yadda take kama shi a bakin gona. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu sama, kwandon ya kife goruna suka watse, ya taka har bakin layi kamar wanda aka kira ya shiga. Kocin ya biyo shi, ya kama wuyan rigarsa ta baya, ya ja shi a gaban dubban mutane ya dangwarar da shi a benci, ya nuna masa gorunan da yatsa. Ɓangarenmu na filin ya fashe da dariya. Kawu ya durƙusa yana tsince su ɗaya ɗaya. Gangar ta yi shiru, ni kuma na cusa fuskata cikin hula. Ko Bala kau da kai ya yi, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

Ban san yadda wasan ya ƙare ba. Abin da na riƙe shi ne Kawu ya same mu a bakin mota, ya tsuguna gaban mahaifinsa idonsa a ƙasa. Kaka ya dafa kansa ya ce, "Ka amsa, Allah shi yi ma albarka." Kawu ya ce, "Baba, da kun aiko kahin ku taho." Ya miƙo mini hannu, na ba shi nawa ina kallon tayar mota, don na kasa haɗa ido da shi. Da damina ta faɗi ya dawo gida da 'yar jakarsa, bai sake komawa ba. Ya je har gida ya roƙi Nomau kada ya ƙara buga masa taken nan, a gona ko a biki.

Yanzu yaran Jiga suna zaune a inuwa suke duba waya su ga wanda zai buga da wanda zai zauna, tun kafin a hura usur. Ba mai hawa buhun albasa ya yi doguwar tafiya don ya ga nasa, gayyar ma ta ja baya. Kawu ya yi furfura, yana noman albasarsa, muna gaisawa kullum amma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Wani lokaci nakan yi kewar mutanen da ke iya cika mota saboda ɗa guda. Sai dai har yau ban san wanda kunya ta fi kamawa ba, shi da aka zaunar ko mu da muka tashe shi.