Butar Balarabe da Ƙanƙarar Lurwanu

Duk wanda ya taso a unguwar Ƙurban ta Madina a shekarun saba'in ya san Balarabe mai burodin tamis, ya kuma san tanderunsa ba ya ganin wuta ranar da 'yan koren riga, ƙungiyar unguwar, za su buga ƙwallo. Iyayensa da ƙafa suka zo hajji daga Damagaram, suka zauna, aka haife shi a Madina. Shi bai taɓa buga ƙwallo ba, ƙafarsa ta hagu a shanye take tun yana goye. Amma tun ƙungiyar unguwar tana aza duwatsu a madadin raga a bayan gonakin dabino yake bin ta da butar shayi.

Shayin nan shi ne sarautarsa. Da an tafi hutun rabin lokaci sai ya ɗingisa ya shiga fili, ya zuba wa kowa, na'ana'ar Madina tana tashin ƙamshi. Ya san wanda ba ya son sukari, ya san mai garajen da sai an fifita masa. Matarsa Zinariya takan ce, "Malam, da ni kake wa wannan hidimar ai da na yi ƙiba."

Ana nan sai ga Lurwanu, wani tela daga Chadi, jiya-jiyan nan ya zo garin. Ya ɗinka wa ƙungiyar sababbin riguna, shi ke nan kuma ya liƙe musu. Ya sayo wata jibgegiyar kula, yana cika ta da ƙanƙara da lemon kwalba. Yaran da Balarabe ya rena da shayi suka fara rugawa gun kular. Kai, ya ji zafin abin nan ƙwarai!

"Ƙanƙara a cikin mai gumi?" yakan ce wa masu sayen tamis. "Kashe su zai yi! Mutumin da bai san sunan uban kowa ba a cikinsu."

A shekarar da ya fara furfura 'yan kore suka kai wasan kifa-ɗaya-kwala, abin da ya kwashe rayuwarsa yana roƙo. A babban fili za a yi, bayan la'asar. Ya sa farar taguwarsa ta Juma'a, ya goge buta har tana ƙyalli. A bakin wayar da ta kewaye filin mai gadi ya tare shi, ga Lurwanu tsaye da kularsa: mutum ɗaya tak zai shiga da abin sha. Aka kira mai horar da 'yan wasa, Abdulrauf, wanda Balarabe ya taɓa share wa hawaye ranar da aka fara cin sa a ƙwallo yana yaro.

Abdulrauf ya dubi buta, ya dubi kula, ya dubi rana. "Ma'alesh ya ammi, yi haƙuri Baba, yau zafi ya yi yawa. Ka hau sama ka huta."

Ya huta! Ya hau benen 'yan kallo da ƙyar, ya zauna, buta a tsakanin ƙafafunsa. Aka fara wasa, amma ina! Idonsa na kan Lurwanu. Ga shi can ya zauna a gefen benci, daidai wurin Balarabe. Ga shi yana dafa kafaɗar Abdulrauf, wai har da ba da shawara. Tela! Aka yi hutu, yara suka yi wa kular caa, babu wanda ya ɗaga kai ya nemi tsohon. Shayi ya huce a butar, shi kuwa zuciyarsa tafasa take.

Ana dab da tashi ya hango Lurwanu ya tura wa wani yaro gutsuren ƙanƙara a ƙeya. Ya miƙa wuya yana ƙwafa, yana jiran ya ga abin da zai biyo baya. Sai filin ya ɗauki ihu. Jama'a suka miƙe, wani ya rungume shi, buta ta kife, shayi ya bi matakala.

"Me ya faru?" ya tambayi na kusa da shi.

"Mun ci, ya ammi! Ba ka gani ba?"

Har ya tsufa, in aka zauna a bakin tanderu ana labarin ƙwallon nan, sai matasa su ce, "Baba Balarabe, kai da kake wurin, da ka aka ci ko da ƙafa?"

Sai ya sunkuya ya jawo buta. "Miƙo kofinka," yakan ce.