Ɗanyen Gawayi a Sunan Jikana

Ko sauran haƙoran bakina sun zube, ba zan manta da ranar sunan jikana na fari a Malbaza ba.

A lokacin an tsananta hana saran itace, mata suka koma ga gawayin ƙasa, wanda ake gasawa a cire masa hayaƙi kafin a sayar. Kowa na so, buhu ya yi tsada, har Konni ake zuwa nema a dawo babu. Ni kuwa, mai ilimin aji uku a lakwal, wato makarantar boko, na tarar da inda wata babbar mota mai kai wa masana'antar siminti ɗanyen gawayi ta zubar da kaya a bakin hanya. Na cika amalanke, na shigo gida ina taku kamar gwamna.

Hajiyata ta juya dunƙule ɗaya a hannu. "Malam, wanga ba irin namu ba ne."

"Baƙi dai baƙi ne, Hajiya. Wa ya yi lakwal, ni ko ke?"

Ran suna an yanka rago, an hura gawayin nawa, tukwane suna kan murhu, surukai daga Illela sun cika zaure. Sai ga hayaƙi rawaya, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Liman ya fara addu'a, tari ya ƙarasa masa. Aka ruga da jariri maƙwabta. Baƙi suka fara laluben takalma, ga abinci bai nuna ba. A ce surukai sun bar gidana da yunwa? Da na gama shiga kasuwa ke nan.

Kawun jaririn, ma'aikacin tsabta ne, ya ja ni gefe. "Baba, wanga na masana'antu masu dogon bututu ne, an hana ƙona shi cikin gida. Tsadar gasasshen, kuɗin numfashinku ne."

"Na sani, ɗana. Gwada ku nike."

Hajiya ta leƙa ta katanga ta yi kira, sai ga matan unguwa kowace da damin kara a ka. A bakin titi suka sake hura wuta, suna yi mini waƙar shaƙiyanci. Kafin la'asar kowa ya ƙoshi.

Yau Hajiya ta riga mu, Allah ya jiƙanta, matan nan ma saura kaɗan. Da zan sake jin dariyarsu, da na yarda in sake shaƙar hayaƙin. Abin da na koya: in maganar wuta ce, a tambayi mai hura ta, ko da ba ta taka ƙofar lakwal ba.