Ranar da Aka Kaɗa Takena a Doha

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Doha, wasu na manta da su tun kafin in kwance akwatina a gida. Amma ranar da na miƙe tsaye a tsakiyar zauren Turawa na yi abin da ya sa jama'a suka riƙe baki, wannan kam ba zan manta ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Kafin in kai ku can, bari in fara gaya muku ɗan wane ne ni.

Mahaifina mai goge ne. Yanzu nake faɗa ba tare da na waiwaya ba, amma a wancan lokacin ko abokan ɗakina a unguwar Old Airport ba su sani ba. In an tambaye ni sai in ce manomi ne, kuma ba ƙarya na yi ba, yana da gona. A ƙauyenmu can bayan Rano ba a biki ba shi. Kamar yadda makaɗa ke yi wa manyan mutane take, wato ɗan kiɗan da in an ji shi an san wane ake nufi, haka shi ma ya yi wa kowane ɗansa nasa. Nawa gajere ne, bai wuce numfashi uku ba. Da na sako ƙafa a zaure, in dai gogen na hannunsa, sai ya ja shi, Inna kuma ta ce daga cikin gida, "Ga shi nan ya shigo, a zuba masa tuwo."

Da na samu aikin gadi a Qatar na fara aike gida, sai kaina ya kumbura. Na kira shi a waya na ce, "Baba, don Allah ka ajiye gogen nan haka. Kana ba mu kunya." Ya ce, "To, na ji." Ya rataye shi a ɗaki, bai sake taɓawa ba. Sai ga korona ta zo, aka rufe filayen jirgi, Allah ya yi masa rasuwa ina tsaye a bakin geti da takunkumi a fuska. Gogen kuwa gara ta riga ta gama da shi. Ba wanda ya taɓa ɗaukar kiɗansa a waya, kuma ni da nake da babbar waya ni ne na hana shi kaɗawa. Takena ya rage a kaina kaɗai, can ɗin ma ya fara zubewa. In na rera shi a zuci sai in samu farkon da ƙarshen, tsakiyar ta gudu. Wallahi wannan ya fi tsorata ni fiye da cutar da ake ta gudu.

A Al Aziziya nake gadi, wani rukunin gidaje masu geti ɗaya. A gidan ƙarshe akwai wani dattijo Bature mai furfura har a gira, makaɗi ne. Da aka rufe wuraren taro sai abokan kiɗansa uku suka riƙa zuwa wurinsa bayan la'asar: wasu mata biyu da wani Bamisire ƙato mai yawan dariya. Ba a yi sati biyu ba maƙwabta suka fara ƙorafi, wai kamar ana matse kyanwa a ƙofa. Ogana ya miƙo mini takarda ya ce, "Yalla, je ka ce musu khalas," wato maza su daina.

Na tarar da su a gareji an ɗage ƙofa, kowa ya zauna nesa da ɗan'uwansa, da takunkumi. Abin da ke hannunsu goge ne, sai dai na Turawa, mai tsirkiya huɗu. Matan na riƙe da ƙanana, dattijon na da matsakaici, na Bamisiren kuwa sai da ya zauna ya rungume shi tsakanin ƙafafu. Na tsaya da takardata ina jira su kai aya. Ina jira, sai kunnena ya ƙi yarda da maganar maƙwabta. Wannan ba kuskure ba ne, da gangan suke bi ta wata siririyar hanya, kuma uku na kanta, ɗaya ne ya ɗan kauce. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na nuna Bamisiren na ce da ɗan Turancina, "Oga, wannan tsirkiyar ta yi tsauri, a ɗan sassauta ta."

Kai, ka ga idanu! Bamisiren ya ɗauko wayarsa mai auna murya, ya ja tsirkiyar, ya duba ya ga da gaskiyata, sai ya fashe da dariya har takunkuminsa ya zame. Dattijon ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce, "Ba kowa." Ƙarya ce tsagwaronta, kuma na ga alamar ya gane.

Shi ya yi mini bayanin abin da suke yi. Ya ce su Turawa sun raba murya mataki goma sha biyu, kamar matakalar bene, kowa a kansu yake taka kiɗansa. Su kuwa huɗun nan abin da ke tsakanin mataki da mataki suke nema, rabin mataki, kwatan mataki, har abin da bai kai haka ba. Shi ya sa suke sassauta wata tsirkiya su ɗaure wata, mai ji ya ɗauka ba su iya ba. A raina na ce, ikon Allah, abin da Baba yake yi da tsirkiya ɗaya da yatsu huɗu a gindin bishiyar darbejiya shi ne mutanen nan suka haɗu su huɗu da takardu suna nema. Maganar maƙwabta kuwa muka sasanta, za su riƙa sauke ƙofar gareji kuma su tashi kafin magariba.

Daga nan in na tashi aiki sai in leƙa, su ba ni kujera a bakin ƙofa. Abin da ya karya mini zuciya ɗan ƙaramin abu ne. Wata rana na ga dattijon ya ɗauko wani dunƙule kamar alewa yana goga wa gashin bakan da yake jan gogen da shi, ƙamshin ya bugo ni. Ƙaro ne, irin wanda Baba ke ajiyewa a aljihun gaba. Nan take na gaya musu komai, har da maganar da na yi masa a waya. Dattijon ya ce kawai, "Rera mana."

Na rera da muryata mai kama da ta ƙofar langa-langa. Ɗaya daga cikin matan ta maimaita da gogenta a kan matakalarsu ta kullum. Ya fito tsaf, amma ba shi ba ne, kamar a nuna maka hoton wani mai kama da mahaifinka. Na ce, "Sauti na ukun nan, ƙasa kaɗan." Ta sauko. "A'a, kin wuce." Ta hau. "Kin koma inda kike, Hajiya." Bamisiren ya ce shi bai taɓa ganin mai gadi da mulki irin nawa ba. Haka muka yi ta yi sati da sati, dattijon na zana ƴan kibiyoyi a takarda, wannan sama, wannan ƙasa. Farko ya zauna, ƙarshe ya zauna, tsakiya ta ƙi zuwa. Har na ce su bari, na riga na kashe abin da hannuna. Dattijon ya ce, "Ba kanka za mu tambaya ba, jikinka za mu tambaya." Ya ɗora yatsa a kan tsirkiya ya riƙa jansa a hankali, a hankali, kamar mai lalube a duhu. Da ya iso wani wuri sai tsigar jikina ta tashi, na ce, "Tsaya nan!" Sauran ya biyo da kansa daga bakina. Na yi kuka a ranar har takunkumina ya jiƙe, na fake da cewa zafi ne.

Aka buɗe gari, kowa ya koma harkarsa, har lokacin gasar ƙwallon duniya ya zo, Doha ta cika ba masaka tsinke. Sai dattijon ya tsayar da motarsa a geti ya miƙo mini katin shiga biyu. Za su yi wasa a wani ƙaramin zaure kusa da kasuwar Souq Waqif bayan la'asar, kuma ya ce lalle in zo. Na ja abokin ɗakina, wani direba Bakano mai bakin tsiya. Tun a ƙofa aka gargaɗe mu: ba waya, ba magana, ba tafi sai an gama. Wuri ya yi tsit, ko tari mutum zai yi sai ya haɗiye. Suka fara, muryoyi huɗu suna gogar juna, su rabu, su sake matsowa. Can abokina ya raɗa mini, "Malam, har yanzu gyara suke yi ko sun fara?"

Ina ƙoƙarin danne dariya sai uku suka yi ƙasa da murya, dattijon ya ja baka shi kaɗai. Takena! Da tsakiyarsa da komai, sak yadda yake fita a zaurenmu. Ai ban san ina Doha ba. A wurinmu in an kaɗa takenka ba ka zama kamar kututture. Na miƙe, na dunƙule hannu na jinjina, na ce da ƙarfi, "Gaishe ka, Baba!" Ban tsaya nan ba, jama'a. Na ratsa layi, na hau dandamali, na zaro takardar riyal daga aljihu na liƙa wa dattijon a goshi. Da yake ya yi gumi, sai ta zauna daram.

Wata mata a gaba ta dafe ƙirji. Masu gadi biyu suka taso, ƴan'uwana a sana'a, Bamisiren ya girgiza musu kai yana kaɗawa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Dattijon kuwa, Allah ya saka masa da alheri, bai ɗaga baka ba. Haka ya ƙarasa kiɗan da kuɗi a goshi, ni kuma ina tsaye a gefe, hankalina ya dawo, ina neman ƙasa ta tsage in shige.

Da suka gama ya riƙo hannuna ya ce wa mutane, wannan kiɗan ba nasa ba ne, na mahaifin mutumin nan ne, su aro suka yi. Ya juyo ya ce, "Faɗa musu sunansa." Na faɗa, na kuma ƙara da abin da na yi shekaru ina ɓoyewa: mai goge. Aka yi ta tafi. Da na sauko abokina ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe ɗan mai goge ne kai, kake ce mana manomi?" Na ce, "Shi ne." Ya ce, "Haba, shi ya sa ko minsharinka da tsari yake fita."

Washegari suka turo mini ɗaukar wasan, na tura wa ƙanwata na ce ta kunna wa Inna, kada ta ce mata komai. Ta ce Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Da aka iso wurin, sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofar zaure ta ce, "Ga shi nan ya shigo." Sannan ta tuna, ta ajiye rariyar. Da na kira ta ce, "A gaishe mini da Turawan nan, sun yi ƙoƙari. Amma tsakiyar nan mahaifinka ya fi jan ta."

Abin da na koya shi ne, kada ka sa iyayenka su rataye abin da suka ciyar da kai da shi don kana jin kunyar idon mutane. Ni na yi, kuma sai da baƙi huɗu suka sassauta tsirkiyoyinsu suka yi watanni suna lalube kafin su mayar mini da numfashi uku daga cikin abin da na zubar. Sauran taken ƴan'uwana, da duk kiɗan bikin da ya sani, sun tafi tare da shi. Duk ranar da na kunna nawa nakan ce, Baba ka yafe mini, na shigo.