Neman Firij Mai Fitila Daga Gummi Zuwa Anka

Talata: Gummi zuwa Anka

Ƙarfe biyar da rabi na fito gida, amma motar ba ta tashi ba sai bakwai, don yanzu ba direban da ke shiga hanyar nan kafin gari ya waye.

Ba kasuwanci ya fito da ni ba. Mahaifina, Malam Bawa, tun yana saurayi ya kai kakarmu asibiti a Anka, ya dawo ya ce ya ga akwati ana kunna masa fitila a ƙasa yana yin ƙanƙara a sama. Tun ranar taubashinsa, Baffa Nomau, ya sa masa suna Mai Dafa Ƙanƙara a tsakiyar kasuwa. Wasa ya yi nisa har ko shaida ya ba da a majalisa sai an yi murmushi. Bana ya kwanta ciwo, na ji yana ce wa Inna zai mutu ana masa kallon maƙaryaci. Maganar ta tsaya mini a rai.

Mun wuce shingen sojoji huɗu. A Nasarawa Burkullu muka sha fura, na gaya wa direba abin da nake nema.

"Wuta ta yi sanyi?" in ji shi. "Malam, ka dai sha hurarka."

Sha ɗaya saura kwata muka shiga Anka. Da tambaya na samu Malam Sahabi, tsohon ma'aikacin ɗakin shan magani. Ya kai ni zaure, ga akwatin nan ya yi tsatsa, cike da geron iri. Ya ce a ciki suke ajiye allurar rigakafi, da aka kawo mai aiki da hasken rana sai ya sayi wannan tsohon a gwanjo.

Na ce yaya wuta ke yin sanyi? Ya ce a da Turawa saran ƙanƙara suke daga kogunan da suka daskare, su lulluɓe ta da garin katako su yi fataucinta a jirgin ruwa. Daga baya suka gano wani ruwa mai warin tsiya. Wuta na tafasa shi ya zama tururi, ya huce ya koma ruwa, in ya sake tashi a cikin akwati sai ya kwashe zafin wurin, kamar yadda randa ke sanyi in ta yi gumi.

Muka kwashe geron, muka sa ruwa a ciki, muka zuba kananzir a fitilar, ya gyara lagwani har harshen wuta ya yi shuɗi. Na kwana gidansa, an yi mini tuwon dawa da miyar kuka.

Laraba: Anka

Da safe na buɗe, ruwa na nan ruwa. Har na fara zargin Baba.

"Kama muna mu kihe shi," in ji Malam Sahabi. "In ya jima kwance, ruwan cikinai ka toshewa. Haka munka saba."

Na ɗauka tsokana ce, amma muka kashe fitilar, muka kifa shi ƙafa sama har la'asar. Muka miƙar, ya ɗora kwanon ruwa a kai yana cusa tsinke ƙarƙashin akwatin har ruwan kwanon ya daidaita, muka kunna. Washegari ga ƙanƙara. Na roƙi aron akwatin, ya ba ni, ya ce in gaida Malam Bawa.

Alhamis da Juma'a: gida

A kowane shinge sai an buɗe akwatin. Ƙarfe uku muka sauke shi a ƙofar gida, na sa Baffa Nomau ya zuba ruwa da hannunsa, ya kuma kulle da kwaɗonsa, muka kunna fitilar.

Bayan Juma'a aka fito da Baba a tabarma, majalisa ta cika. Baffa ya buɗe, ya ɓalle ƙanƙara, ya durƙusa ya leƙa fitila. Ya taɓa bututun da ke saman fitilar, ya janye hannu da sauri.

"Bawa," in ji shi, "shekara hamsin ina cin alhakinka. Ka gahurta min."

Baba ya karɓi ƙanƙarar ya riƙe har ta narke a tafinsa.

"Na yahe, Nomau. Amma gobe ka hwaɗa a kasuwa, can kah hwara."

Ya kuwa faɗa. Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Malam Sahabi.