Bokitin Marlys Kangas

Maganar da ake yaɗawa a bakin Tafkin Sorley ita ce wai Marlys Kangas ta dasa wa kifi huhun mutum. Wai tun daga ranar kifayenta suke tari idan sanyi ya tsananta, har wani daga cikinsu ya yi atishawa a cikin bokiti, fasto yana tsaye ya ce masa Allah ya ƙara sauƙi kafin ya gane da wa yake magana. Wasu suka ƙara gishiri, suka ce gwamnati ta turo mutane masu baƙaƙen kwat sun yi wa bokitin tambayoyi, bokitin ya ƙi cewa uffan.

Duk ƙarya ce in ban da bokitin. Shi kam yana nan, shuɗi, mai hannun waya, irin wanda kowa a arewacin Minnesota yake da shi a bayan mota. Kifi bai taɓa tari ba. Fasto kuwa mutum ne mai gaida duk abin da ya motsa, ba a kafa shaida da shi. Wanda ya ƙaga labarin ma an san shi: Arlo Rautio, ɗan baffanta, abokin wasanta tun suna rarrafe, wanda idan ya kama kifi kamar ɗan yatsa, kafin ya iso gaɓa kifin ya kai cinya.

Gaskiyar ta fi haka sanyi. Tun fitowarta daga sakandare Marlys take aiki a masana'antar bayan gari, inda ake haɗa huhun roba, wanda yake yi wa mara lafiya numfashi yayin da likitoci suka tsayar da zuciyarsa suna aiki. Cikin huhun nan ba komai sai zare. Sai dai zare ne mai kogo, siriri kamar gashin kai, kowane ɗaya bututu ne. Iska tana bi ta ciki, jini yana bi ta waje, bangon zaren ya bar iska ta ratsa ya hana jini. Aikin Marlys shi ne ta haɗa dubbansu dami guda, ta toshe bakunan da danƙo, sannan ta yanke kan da wuƙa har kowane zare ya buɗe baki. Zaren da ya bi ta hannunta, da za a ƙulla shi, ya isa a ɗaure wata a jikin hasumiyar coci a kuma sami na shanya.

Ita ba mai yabon kai ba ce. A garin nan ma ba a yabo. Idan abu ya kai maƙura wajen kyau sai a ce ba laifi. Ranar da marigayi Wendell ya nemi aurenta abin da ta ce ke nan, shi kuma ya koma gida yana rawar jiki, don ya san ba a taɓa yi masa kirari irin wannan ba. Da ya rasu ya bar mata gida, da ɗan ɗakin katako da ake ja a kai tsakiyar tafki idan ruwa ya daskare, da bokitin nan.

Abu ɗaya Marlys take so a duniya, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba. A lungun da ake bi zuwa ɗakin cin abinci na masana'antar akwai bango cike da alluna na katako da tagulla. Kowane allo yana ɗauke da sunan wanda gwamnati ta ba takardar shaidar cewa shi ya fara ƙirƙiro wani abu. Duk injiniyoyi ne. Kullum ta zo wucewa da kwanon abincinta sai ta sa hannun riga ta share ƙurar na ƙasa-ƙasa, tana yi tana kallon wani wuri. Arlo, da yake tuƙa motar kaya ta masana'antar, ya sha kama ta. Tun daga nan ya laƙa mata Furofesa, ita kuma take kiransa Rediyo saboda bakinsa. Ritayarta ta kusa, kuma tana so kafin ta mutu ta ga Kangas a bangon nan, ko da a kusa da kwandon shara ne.

Bokitin kuwa ga yadda ya samo asali. Mai kamun kifi a kan ƙanƙara yana fasa rami ne ya zura fatsa, kotonsa kuma, wato abin da yake maƙala wa fatsar, 'yan ƙananan kifaye ne masu rai. Idan iskar ruwan bokiti ta ƙare sai su juya ciki sama, babban kifi kuwa ko kallon mushe ba ya yi. Marlys ta gaji da asarar koto. Ta roƙi shugaban sashensu guntayen zaren da ake zubarwa, ya ce ta kwasa. Ta ɗaure ɗan dami kamar tsintsiyar 'yar tsana, ta toshe bakunan, ta yanke, ta jona da ƙaramin famfo mai batir, ta jefa a bokiti. Babu kumfa, babu ƙara, amma iska tana ratsa zaren tana shiga ruwa. Kifayenta suka wuni suna tsere kamar an biya su.

Maƙwabcinta a kan ƙanƙara ya leƙa ya ce ba laifi. Ita kuwa a tarbiyyarta, idan mutum ya yaba abinka sau ɗaya, ka ba shi. Ta haɗa masa nasa. Shi kuma ba zai karɓi kyauta ya kwana da nauyinta ba, ya aiko da kilishin barewa. Surukinsa ya gani. Kafin sanyi uku su wuce babu ɗakin katako a tafkin da ba shi da tsintsiyar Marlys, injin sanyinta kuma ya cika da barewa har sai ta zauna a kan murfin yake rufuwa.

Wani injiniya da ya zo kamun kifi ya ga abin, ya yi dariya har gilashinsa ya yi gumi, sannan ya ce tunda zaren na masana'anta ne, masana'anta za ta iya nemar masa takarda, da sunan Marlys a kai. Aka tura ta wurin lauyar kamfanin, wata matashiya mai suna Pakou Lor.

Marlys ta je da rigar coci da faranti na biskit. Lauya ta juya tsintsiyar a hannu, ta yi murna, ta yi tambayoyi kan danƙo da famfo. Can ta ɗago kai.

"Misis Kangas, kin taɓa nuna wa wani?"

"Ce mini Marlys, 'yata. A'a, ba kowa. Mutanen tafki ne kawai."

"Su nawa ne mutanen tafki?"

Marlys ta fara lissafo su gida-gida, tana haɗawa da wanda ya rasu da wanda ya koma Arizona mai zafi saboda ciwon gwiwa. Lauya ta ajiye biro. Ta tambaya ko ta taɓa sayarwa. Marlys ta ji haushi, ta ce ita ba ta sayar wa maƙwabci abu. Sai dai a kasuwar taimako ta coci, inda kowace mace take kawo abin hannunta, shekara biyu a jere tana kai dozin, matar fasto ce take manna musu farashi. Jaridar gari ma ta ɗauki hoto, amma ita ba ta fito sosai ba, ta ɓuya a bayan tulun gahawa.

Lauya ta ci biskit ɗaya a hankali kafin ta yi bayani. Doka ta ce abin da aka riga aka saki a hannun jama'a, ko aka sa shi a kasuwa, fiye da shekara guda kafin a nemi takarda, ya zama na kowa. Ba ruwan doka da cewa mai abin ce da kanta ta raba. Ba ruwanta da kilishi.

Marlys ta ce to, ba laifi. Ta fara rufe farantinta. 

Lauya ta tambaye ta ko akwai wani abu da ta ƙara wanda ba wanda ya gani.  Marlys ta ce akwai wani ɗan shirme. Idan sanyi ya kai inda gashin hanci yake daskarewa, raɓa tana taruwa a wuyan damin ta zama ƙanƙara ta toshe zaren. Shi ne a kakar da ta wuce ta ƙera ɗan zobe kamar maɓallin kwat, mai tare raɓar ya ɗigar da ita waje. Ba ta ba kowa ba don bai yi kyan gani ba tukuna, kunya take ji.

Lauya ta ce wannan kunyar ita ce ta cece ta. Za a nemi takarda a kan zoben. Amma kamfanin yana so ya nema har a ƙasashen waje, inda ko kwana ɗaya ba a yafewa, saboda haka daga yau har ranar da za a shigar da takardu, kada ido ya gan shi, kada kunne ya ji shi.

Wannan sanyin shi ne mafi tsawo a rayuwar Marlys. Ta lulluɓe bokitin da tsohuwar kwat ɗin Wendell, ta ɗaure da igiya. Mai leƙe ya zo, ta ba shi gahawa ta sa bokitin a tsakanin ƙafafunta. Gari ya ɗauka. Aka ce Marlys ta fara girman kai, ta ga lauya ta manta mutane. Kasuwar coci ta zo, ta kai kek, matar fasto ta karɓa da yatsa biyu. Gaisuwar da ake yi mata ta ragu daga ɗaga hannu zuwa ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Ta dawo gida ta zauna a kan injin sanyi, ta ga yanzu yana rufuwa da kansa.

Arlo ne ya fi kowa matsa mata, don shi sirri ƙaiƙayi yake sa shi. Ya zo da kilishi mai yawa ya ajiye, yana jiran al'ada ta yi aikinta. Ta ba shi kwalbar kokwamba mai tsami. Ya zo da itacen wuta, ta ba shi safa. Da ya ga haka sai ya shiga zaga ɗakunan tafki yana ba da labarin tarin kifi, ko za ta fusata ta buɗe don ta ƙaryata shi. Ko gezau.

Ranar gasar kamun kifi ta gari aka yi sanyin da har karnuka suka ƙi haushi. Tsofaffin tsintsiyoyin duk suka toshe. Da hantsi Arlo ya banko ƙofar ɗakinta riƙe da bokitinsa, kifayen sun fara kishingiɗa, gemunsa fari fat da ƙanƙara.

"Furofesa, 'yar baffa, ki ji tausayin marayun nan. Ni ban ce ki ji nawa ba."

Marlys ta dubi kifayen, ta dubi bokitinta. A duk rayuwarta ba ta taɓa mayar da mai roƙo ba, shi ma ya sani, shi ya sa ya zo. Ga shi kuma lauya ta ce saura kiris a gama zanen da za a haɗa da takardun.

"Juya ka fuskanci bango, Rediyo."

"Haba, jini ɗaya muke fa."

"Shi ya sa na san ka. Hular ma ja ta ta rufe ido."

Haka ƙaton mutum ya tsaya da hanci a jikin katako, hula har haɓa, yana jin ƙarar igiya da motsin ruwa a bayansa. Ta juye kifayensa cikin nata, ta mayar da kwat ta ɗaure. Duk lokacin da yake buƙatar koto a wunin nan sai ya dawo ya tsaya a bangon, ta ɗebo masa ɗaya ta miƙa ta kan kafaɗa. Ya yi zirga-zirga har ya fitar da hanya a kan ƙanƙara. Bai ci gasar ba, amma a bakinsa kifin da ya kuɓuce masa ya kusa jan ɗakin zuwa ƙarƙashin tafki.

Da ƙanƙara ta fara narkewa lauya ta bugo waya ta ce an shigar. Kafin azahar Marlys ta kwance kwat ɗin, ta raba wa rabin gari zobba, tana ba kowa haƙuri kamar ta taka masa ƙafa. Barewa ta dawo.

Sai jira. Mai binciken gwamnati ya dawo da takardun ya ce a'a. Lauya ta ce haka suke fara gaisuwa. Ta amsa, ya soke wannan, ta janye wancan, aka yi ta ja-in-ja har Marlys ta yi ritaya, aka ba ta kek da agogo, ta wuce ta gaban bangon ba ta ɗaga kai ba. Daga ƙarshe, bayan an datse dami daga takardun, an datse famfo, an datse bokiti, mai binciken ya yarda da abu ɗaya: zoben.

Aka kira ta ranar rataya allo. Bangon ya cika, wurin da ya rage sai can ƙasa, gefen tukunyar kashe gobara. Ta tsaya a gabansa da rigar coci, ta karanta sunan ta sake karantawa, leɓenta yana motsi. Aka tambaye ta yaya ta gani. Ta sa hannun riga ta share allon.

Arlo, da ba wanda ya gayyace shi, yana tsaye da farantin kek na biyu. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kanne ido yana duba zanen da ke jikin tagullar. Ya miƙe ya sanar wa jama'a cewa ya kamata a kawo madubin likita, don shi bai ga komai ba. Ya ce mace ta ƙare ƙuruciyarta a cikin farar rigar masana'anta, ta ɓata da gari guda, ta tsayar da ɗan baffanta a bango kamar ɗalibi, ashe duk a kan maɓalli ne. Ya ce shi a aljihun wandonsa ma akwai irinsa biyu da suka cire, ko a kira gwamnati ta zo ta gani.

Marlys ta karɓe farantin daga hannunsa ta ajiye a kan tebur.

"Arlo, maɓallin nan gwamnati ta bincika shi ciki da waje, ta sa hannu cewa yana da amfani. Kai tun haihuwarka dangi suke bincikenka, har yau ba mu sami wanda zai sa hannu ba."