Rediyon Baba da Wuyana

Jiya a rumfar wani mai gyaran rediyo na ji ƙaurin ƙura a kan kwalba mai zafi, sai na tuna zaurenmu na Limancin Kona tun Turawa ba su tafi ba. Baba yana da rediyo mai batir, irin wadda sai kwalaben cikinta sun yi ja take magana. Yakan dafa ta da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin jariri.

Wata rana na ɗauko masa ƙatuwar lasifika a ka tun daga Sabon Gari, wuyana kamar zai karye. Da ya haɗa, murya ta fito a shaƙe. Nan take ya cire.

Ya ce, "Ƙarfin rediyon kaɗan ne, kada a wahalar da ita."

Ya kafa mata 'yar ƙarama a bakin tulu, murya ta fito tar, ta cika zaure. Ni kuwa ko sannu! Cewa ya yi in mayar da babbar kafin la'asar.

Har yau ina kishin akwatin nan. Allah ya jiƙan Baba, ya sa in mun haɗu a Aljanna, ni zai dafa.